Mu Ma Tsofaffin Ɗalibai Ne: Ƙorafin Matan Ajin La'asar

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai ta kwalejinmu,
ta hannun Sakataren Ƙungiya,
tare da sanin Shugaban Kwaleji.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Yaya ɗawainiyar jama'a? Yaya haƙuri da mu? Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Sunana Hajara Abdu. A Ƙofar Guga, inda na yi aure na haifi 'ya'yana, an fi sanina da Inna Hajara mai ƙuli-ƙuli. Za ka ga ban rubuta sunan kwalejin ba. Da gangan na yi. Makarantata ce, makarantar 'ya'yana biyu ce, ba na son sunanta ya riƙa yawo a bakin mutane tare da ƙorafi. Kai ka san da kai nake, duk wanda ya zauna a azuzuwanta kuma zai gane.

Ban so maganar ta fito fili ba. Sau uku ina kai takarda ofishinku, ana karɓa da hannu biyu, ana ce mini za a duba, har yau ban ji komai ba, shi ya sa na mayar da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ga shi saura 'yan makonni a yi bikin yaye ɗalibai, kuma autata Maryam tana cikin waɗanda za a yaye. Damuwata a taƙaice ita ce: an cire sunana da na abokan karatuna daga rajistar tsofaffin ɗalibai, alhali shekara goma sha biyu ke nan muna ba da gudummawa. Saboda haka Maryam ta ce ranar yaye, idan ka ce sababbin 'yan ƙungiya su miƙe, ita ba za ta miƙe ba. Ni kuwa ba na son ɗiyata ta fita daga makarantar nan da ƙullaci a ranta. Zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya, ka yi haƙuri da tsawonta.

Na ɗaya: yadda na zama ɗalibarku.

An haife ni a unguwar Gobarau. Na tashi ina ganin hasumiyar da ake ce mana malamai sun yi karatu a gindinta tun zamanin kakannin kakanninmu. Amma ni kaina, ban da surorin da nake sallah da su, ban iya karanta komai ba har na haura shekara arba'in. Ban ɗauki abin da zafi ba. Ina soya ƙuli-ƙulina, ina sayar da man gyaɗata, cinikina yana kaina, ba wanda ya taɓa cutata.

Sai shekarar da babban ɗana Sanusi ya gama sakandare. Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana hanya. Sanusi kuma ya tafi ƙauye taya kakanninsa girbi. Aka kawo wata takarda gida, aka ce tasa ce, na ɗora ta kan tarin tsofaffin takardun da nake ƙunsa ƙuli-ƙuli a ciki, da nufin in ɗauke in na sami sarari. Na manta. Bayan kwana biyu masu saye suka yi yawa, na kai hannu ban duba ba, na ƙunsa wa wata mata ƙuli-ƙuli a cikinta.

Matar ita ce Malama Rifkatu, mutuniyar Filato, malama a kwalejinku, tana zaune wajen Ƙofar Kaura, ta daɗe tana saye a wurina. Da ta isa gida ta buɗe ƙunshin sai ta ga tambarin inda take aiki. Ashe takardar samun gurbin karatu ce ta Sanusi, kuma saura kwana huɗu a rufe rajista. Ta juyo cikin rana tsaka ta kawo mini ita, duk ta jiƙe da mai har ana hango yatsa ta bayanta. Ba ta yi mini dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta karanta mini abin da ke ciki, ta ce in aika a kira yaron yau-yau. Da za ta tafi ta ce akwai ajin da kwaleji ta buɗe wa manyan mata, ana shiga bayan sallar la'asar, ita ke koyarwa, kuma akwai wuri a bencin gaba.

Da wannan takarda mai maiƙo Sanusi ya yi rajista. Ni kuma na kwana biyu ina tunanin da wani ne ya saya ba ita ba, da ɗana ya rasa karatunsa a hannuna, kuma ba zan taɓa sanin ni na jawo ba. Ranar Litinin na je ajin.

Shekara biyu muka yi, mu goma sha bakwai. Akwai masu ɗinki, akwai mai fura, akwai matan ma'aikata, Musulmi da Kirista, muna zama a kan bencin da 'ya'yanmu suka zauna da safe. Maryam tana da shekara shida a lokacin. Tare muke zuwa, tare muka koyi baƙaƙe, takan riga ni ganewa sai ta yi shiru ta jira ni. Da muka gama aka tara mu a babban ɗakin taro, Shugaban Kwaleji na wancan lokaci ya miƙa wa kowace takardar shaida da hannunsa. Tawa tana nan a bango cikin gilashi, kusa da ta Sanusi. Tambarin da ke kan tawa shi ne a kan tasa, babu bambancin ko ɗigo.

Na biyu: yadda muka shiga ƙungiyarku.

A nan zan faɗi abin da ya ba mutane dariya, ni ma yana ba ni har yanzu. Wata rana ina cikin murza ƙuli-ƙuli na ji sanarwa a rediyo, ana kira ga dukkan tsofaffin ɗaliban kwalejin nan su halarci taro ranar Asabar, kowa ya zo da abin da zai iya taimaka wa makaranta. Na tsame hannu na ƙara murya. A raina na ce, tsofaffin ɗalibai ai mu ne. Wa ya kai mu tsufa a duk makarantar? Har mai jikoki akwai a cikinmu. Na ɗauka an ware taro ne musamman domin waɗanda suka yi karatu da tsufansu, har na ji daɗi da aka tuna da mu. Na bi gida-gida na sanar. Mu goma sha huɗu muka amsa, muka yi anko, muka cika napep huɗu.

Muna shiga ɗakin taro muka tarar da manyan mutane, daraktoci da 'yan kasuwa da malaman makaranta, wasunsu ba su kai ƙannenmu ba. Muka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Sakataren ƙungiya na lokacin, Malam Lawal, ya taso ya tambaya ko wani muke nema. Na ce masa mu ne tsofaffin da aka kira a rediyo. Can ya gane, ya yi dariya har sai da ya cire gilashinsa ya share ido. Kunya ta rufe ni. Na juya zan ce wa mata mu koma, sai ya tare hanya, ya ce ko na zo da takardar shaidata. Na ciro ta daga jaka. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, sannan ya ce: "Malama Hajara, ba ki yi kuskure ba. Kin yi karatu a nan, kin gama, kuma kin manyanta. Ta duk inda aka juya kalmar, ke tsohuwar ɗaliba ce. Da yawanmu a nan rabin sunan kawai muka cika."

Ranar aka fara kirana Malama.

Ya sa aka kawo mana kujeru. Ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango, ya ja layi, ya rubuta "Ajin La'asar" a sama, ya ce kowace ta rubuta sunanta da kanta. Mun ɓata wa taron lokaci, domin a hankali muke rubutu, amma ba wanda ya yi tsaki. Da ta ƙarshe ta ajiye biro aka tafa mana.

Bayan 'yan watanni aka yaye su Sanusi. Kamar yadda al'adarku take, shugaban ƙungiya ya ce sababbin 'yan ƙungiya su miƙe, sannan ya ce duk tsohon ɗalibin da ke wurin shi ma ya miƙe ya karɓe su. Ina cikin rumfar iyaye, ina shakkar ko har da ni. Sai na hango Malam Lawal daga can inda manya suke yana yi mini alama da hannu. Na miƙe. Ɗana yana tsaye da rigar kammala karatu, ni ina tsaye da mayafina, Maryam tana riƙe da gefen zanina. A hanyar gida ta ce mini ranar da za a yaye ta, haka za mu tsaya mu biyu. Tun tana shekara tara take maimaita wannan magana, duk lokacin da karatu ya yi mata nauyi da ita take ƙarfafa kanta.

Na uku: kwasar kwaleji.

Mu ba masu hali ba ne, sai muka yi abin da muka iya. Muna da adashe tun muna aji, ni ce uwar adashen. Muka ƙara suna ɗaya a jerin masu kwasa, muka rubuta "Kwaleji". Ba ta zubi, amma tana kwasa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, lokacin da kowa ke da ɗan sarari. Idan zagaye ya zo kanta, kowace mace ta zuba kamar yadda take zuba wa 'yar'uwarta, in ƙulle in kai wa Malam Lawal, ya ba ni rasit. Ba mu taɓa tsallake shekara ba. Shekarar da mijina ya rasu ina cikin takaba, Maman Bulus, 'yar ajinmu mai ɗinki, mutuniyar kudancin Kaduna, ita ta rufe shagonta ta kai.

Na san abin da muke kaiwa bai kai kuɗin man motar wasu manyan baƙinku ba. Amma bayan mako biyu ko uku, wasiƙa takan iso gidana, da Hausa, da rubutun hannun Malam Lawal, manyan baƙaƙe yadda za mu iya karantawa. Yakan jera sunayenmu duka, sannan ya faɗi abin da aka yi da kuɗin. Wata shekara ya ce an haɗa da na wasu an gyara famfon ɗakin kwanan 'yan mata. Wata shekara kujeru aka saya a ɗakin karatu. Sau uku ya rubuta cewa an biya wa wata ɗaliba kuɗin jarrabawar ƙarshe, wadda saura kaɗan ta koma gida. Bai faɗi sunanta ba don kare mutuncinta, ya dai ce ta gama. Akwai shekarar da ya rubuta mana gaskiya cewa abin da aka saya bai yi ƙarko ba, fankoki ne kuma sun ƙone, ya ba mu haƙuri. Ko wannan ƙara mana yarda da shi ta yi.

Ranar da wasiƙa ta zo, a tsakar gidana muke haɗuwa. Kowace ta karanta layi ɗaya ta miƙa wa ta kusa da ita. Ranka ya daɗe, ka gane abin da nake nufi. Matan da a da sai sun nemi wanda zai karanta musu takardar asibiti, ga su suna karanta godiyar kwaleji da bakinsu, kowace tana jira a zo kan sunanta. Wasiƙu tara ne, suna nan cikin akwatina. Ko ɗaya ban taɓa ƙunsa komai a cikinta ba.

Na huɗu: abin da ya faru.

Shekara uku da suka wuce Malam Lawal ya yi ritaya ya koma garinsu. Aka zaɓi sabon kwamiti, aka ce an koma aiki da na'ura, kowa ya yi rajista a intanet ya turo gudummawarsa ta waya. Ban ƙi wannan ba. Ni ma yanzu ta waya wasu ke turo mini kuɗin ƙuli-ƙuli. Shekarar farko na kai kwasar ofis, aka karɓa, aka ba ni rasit, muka jira wasiƙa har zagaye ya dawo ba ta zo ba. Abin da ya zo saƙo ne a waya, da Turanci. Maryam ta fassara mini. Ya fara da irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a san ko namiji ne ko mace ba. Babu sunana, babu abin da aka yi da kuɗin, ƙarshensa kuma roƙo ne a ƙaro. Shekara ta biyu ma haka.

Bara na ce bari in je in ji da kunnena. Na sami wani ma'aikaci mai ladabi, ya ba ni kujera har da ruwa. Ba shi nake ƙara ba, don Allah kada a taɓa shi. Ya nemi lambata ta ɗaliba. Na ce mu ba a ba mu lamba ba, sunayenmu suna cikin baƙin littafi. Ya ce littafin yana ɗakin ajiya, an kwashe sunayen da ke ciki zuwa na'ura, amma na'urar ba ta karɓar suna sai da lamba, shi ya sa aka tsallake shafinmu. Na nuna masa takardar shaidata. Ya duba, ya sake danne-dannensa, ya ɗago ya ce mini cikin tausayi: "Mama, na'urar ba ta san ku ba." Ya ƙara da cewa kada in damu, akwai gurbin masu fatan alheri, wato mutanen waje da ke son taimaka wa kwaleji, kuma a can ake zuba kuɗinmu tun da aka canja tsari.

Mutanen waje. Ina ta juya kalmar a raina tun daga ofishin har bakin titi. Maryam ce ta raka ni ranar. Ta ji komai.

Na kai wa matan ajinmu labari yadda yake, domin amanarsu ce a hannuna. Cikin mu goma sha huɗu, Allah ya yi wa biyu rasuwa. Uku sun janye tun shekarar da wasiƙa ta daina zuwa, suka ce ba su san inda abin yake tafiya ba. Huɗu suka janye da suka ji an mayar da mu mutanen waje. Ɗaya daga cikinsu ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ake sa baƙo zubi duk shekara ba. Saura mu biyar. Ka lura da kyau, babu wadda ta janye saboda babu. Tsadar rayuwa ta same mu duka, gyaɗa ta yi tsada, itace ya yi tsada, amma shekarun da suka fi waɗannan wuya ma mun zuba.

Na biyar: abin da na ji ka faɗa a rediyo.

Kwanakin baya na ji ka a wani shiri kana kukan cewa tsofaffin ɗalibai sun yi sanyi, masu bayarwa suna raguwa, wanda ya bayar bana ba lallai ya dawo baɗi ba, matasa kuma kamar ba su damu ba. Ka ce ba kwalejinmu kaɗai ke fama da wannan ba. Na yarda da kai, kuma na ji zafin abin a muryarka. Amma ka ba ni dama in faɗa maka abin da na gani daga tsakar gidana, tunda na daɗe ina riƙe da adashe, kuma aikin uwar adashe bai wuce ta sa mutum ya dawo ya sake zubawa ba.

Mace ba ta barin adashe don ba ta da kuɗi. Idan babu takan zo ta faɗa, a ɗaga mata ƙafa. Tana barinsa ne ranar da ta gane uwar adashen ba ta san da ita ba sai ranar zubi. Ni idan 'yar adashena ta haihu ina gidan, idan an yi mata rasuwa ina gidan, idan ta kwasa nakan tambaye ta ko buƙata ta biya.

Ɗana Sanusi yanzu yana aikin lantarki a Kaduna. Shi yana da lamba, na'urarku ta san shi sarai. Da aka koma turawa ta waya ya turo muku sau biyu, daga nan ya daina. Na yi masa faɗa. Ya ce mini sau biyu ya tura, ba wanda ya ce masa ga abin da aka yi. Da aka haifa masa ɗa ƙungiya ba ta sani ba, da ya yi jinya ba ta sani ba, amma duk watan da za a yi liyafa an san lambar wayarsa. Ya ce shi da abokan ajinsu suna da zaurensu a waya, kuma da wani tsohon malaminsu ya kwanta asibiti, cikin kwana biyu suka haɗa abin da ya isa, domin sun san wanda za a ba, kuma ranar da aka sallame shi an turo musu hotonsa yana murmushi. To ka gani, yaran nan ba rowa gare su ba. Suna bayarwa. Ku ne dai suka daina bai wa.

Na daɗe ina zuwa liyafarku ta shekara, ina zama a layin baya. Ana kiran manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sanar da abin da zai bayar, a yi tafi. Allah ya saka musu da alheri, ba na yi musu hassada, kuma na san akwai ginin da sai su. Sai dai na ga da yawansu sun zo sau ɗaya lokacin da suke kan kujera, ba su sake dawowa ba. Waɗanda ke dawowa kowace shekara su ne na kusa da ni: malaman firamare, ma'aikatan jinya, ƙananan ma'aikatan ofis, masu kawo kaɗan amma ba sa fashi. A da Malam Lawal yakan sauko ya bi layinmu ya gaisa da kowa da sunansa kafin a watse. Zuwana na ƙarshe ba wanda ya sauko, kuma kujerun baya da yawa ba kowa a kansu. Idan kuna neman waɗanda suka tafi, ku fara dubawa daga nan.

Na shida, kuma shi ne ya hana ni sukuni: Maryam.

Yarinyar nan ta yi ƙoƙari, malamanta shaida ne. Burinta ta koyar da manyan mata kamar yadda aka koyar da mu. Ranar da muka dawo daga ofishinku ta ce mini ita ta gama da ƙungiyarku tun kafin ta shiga. Za ta karɓi takardarta, amma idan aka ce a miƙe za ta zauna, kuma ko sisinta ba zai taɓa shiga asusunku ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa yayanta ya kira ta. Na je har gidan Malama Rifkatu, wadda ta yi ritaya amma tana nan cikin gari, ta taso da ciwon ƙafarta ta zo ta yi mata magana. Maryam ta durƙusa ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce: "Malama, inda aka ce uwata baƙuwa ce, ni ba 'yar gida ba ce a wurin."

Ina alfahari da ɗiyar da ke kishin uwarta, ba zan ɓoye ba. Amma ina jin tsoro. Na san halin Maryam, idan ta fita daga abu ba ta waiwaye. Ƙawayenta sun ji labarin, wasu sun ce su ma za su zauna. Kullum ina hango ranar: iyaye cike da rumfa, ka ce a miƙe, a ga layi guda a zaune, a tambayi dalili, a ce ai saboda Inna Hajara ce. Ba na son ranar farin cikinta ta koma ranar nuna fushi. Kuma ba na son in zama sanadin da wata yarinya za ta juya wa makarantar da ta buɗe mini ido baya.

Duk abin da gidana ya zama, a kwalejin nan ya fara. Ina karanta takardar magani, ina rubuta wa ɗana saƙo ba tare da wani ya ji sirrinmu ba, ga shi yau ina rubuta maka. Ina son Maryam ta riƙa shiga ƙofar makarantar nan tana jin gidansu ta zo. Ina son ta riƙa bayarwa idan Allah ya hore mata, yadda wata rana wata yarinya da ba ta sani ba za ta zauna jarrabawa da taimakonta.

Ga abin da nake roƙo.

Na farko, a ɗauko baƙin littafin daga ɗakin ajiya, a nemo shafin Ajin La'asar, a mayar da sunayenmu goma sha huɗu cikin rajista kafin ranar yaye, har da na biyun da suka riga mu gidan gaskiya, da na duk matan da suka bi bayanmu a ajin. Idan na'ura sai da lamba, a ba mu lamba. Ai mutane ne ke bayar da ita.

Na biyu, abin da muka kawo a shekaru ukun nan a cire shi daga gurbin mutanen waje, a rubuta shi da sunan ajinmu, a kuma gaya mana abin da aka yi da shi, ko da bai yi ƙarko ba.

Na uku, a dawo da wasiƙar godiya. Ba lallai sai da hannu ba, ko ta waya ce ta wadatar, amma da sunan mutum, da harshen da yake ji, da abin da aka yi da gudummawarsa. Kada a haɗa godiya da sabon roƙo a saƙo ɗaya. Wannan ba don mu kaɗai ba, har da su Sanusi.

Na huɗu, ka rubuta wa mata bakwai da suka janye, ko layi biyu ne. Na san gidajensu, ni zan kai da kaina. Ba na yi maka alkawarin duka za su dawo, amma na san wasu jira kawai suke a kira su da sunansu.

Kwasar bana tana hannuna. Mu biyar mun zauna mun yanke cewa za mu kawo ta ko an amsa wannan takarda ko ba a amsa ba, domin ba ciniki muke yi da makarantarmu ba. Maman Bulus ce ma ta fi kowa dagewa a kan haka.

Ranar yaye zan zo da ankon da muka yi ranar taron farko, yana nan na adana shi. Zan zauna a rumfar iyaye. Idan ka ce tsofaffin ɗalibai su miƙe, zan miƙe, ko na'ura ta san ni ko ba ta san ni ba. Na taɓa amsa wannan kira bisa kuskure, kuma a duk rayuwata babu kuskuren da nake alfahari da shi kamarsa. Abin da ban sani ba shi ne, idan na miƙe na duba layin masu rigar kammala karatu, ko zan ga Maryam a tsaye. Na yi iyakar abin da uwa za ta iya. Saura yana cikin wani littafi mai baƙin bango a ɗakin ajiyarku, makullin ɗakin kuma yana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka sauke nauyin nan lafiya, ya albarkaci zuriyarka. Allah ya ɗaukaka kwalejinmu, ya saka wa Malam Lawal da Malama Rifkatu da mafificin alheri, ya sa 'ya'yanmu su fi mu amfanar jama'a.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Hajara Abdu,
tsohuwar ɗaliba, Ajin La'asar,
Ƙofar Guga, Katsina.